Waldar Sandar Giya a Garejin Kontagora: Gwaninta da Ganganci

Kontagora gari ne na mahaɗar hanyoyi. Babbar hanyar da ta taso daga Legas ta ratso Jebba da Mokwa, ta nan take bi ta nufi Yawuri da Sakkwato, ga ta Tegina, ga kuma ta Rijau da Zuru. Fasinjoji da buhunan masara da wake na yankin Mariga da Magama ba sababbin motoci ke ɗaukarsu ba. Tsofaffin Toyota Hiace ne da Peugeot J5. Ita J5 an fara ƙera ta a 1981, aka daina a farkon shekarun 1990, don haka ko autarsu ta haura shekara 30. Abin da ya riƙe motocin nan a kan titi shi ne hannun bakanike da mai walda, kuma ba inda ake gane gwani da ɗan koyo kamar ranar da sandar giya ta karye.

Direba zai ce ta karye ne kawai, alhali ƙarfe mai kaurin babban yatsa ba ya karyewa haka siddan. Gindin sandar yana juyawa ne a kan wata ƙwallo da ke zaune cikin bushin roba, daga nan rodi ko waya ke kai motsin hannu har cikin giyabos. A bas tafiyar tana da nisa, musamman a J5 mai giya a jikin sitiyari, inda gaɓoɓin suke da yawa. Zafi da ƙura su cinye bushin, giris ya bushe, sanda ta fara lilo. Wani lokaci kuma kuloci ne ba ya saki sosai saboda mansa na yoyo. Giya ta ƙi shiga, direba ya danna da ƙarfin tsiya, yau da gobe tsaga ta kama a gindi, ran nan sanda ta biyo hannunsa.

A nan gyaran ya rabu biyu. Akwai na "kai ni gida": a soka guntun bututu ko doguwar sufana a kututturen da ya rage, a lallaɓa da lamba biyu har gari. Wannan dabara ce ta ceton rai, domin babu mai son kwana da mata da yara a daji a wannan zamani, kuma ban ga laifinta ba. Laifin yana farawa ne idan aka iso gari, aka tsaya gaban mai walda, ya ɗiga wuta a kan karayar tun sandar tana jikin mota, ya watsa mata ruwa, direba ya koma lodi. Zafin ya narka ragowar bushin, ruwan ya sa ƙarfen ya yi gautsi, kuma sau da yawa ko kan batir ba a cire ba, ga tiyon mai a kusa.

Tsofaffin ogogi ba haka suke yi ba. Sukan kwance sandar gaba ɗaya, su zare robobin, su fiƙe bakin karayar ta kowane gefe don wuta ta ratsa har tsakiya, su daidaita lanƙwasarta yadda take tun asali, domin in ta goce kaɗan ribas ba zai shiga ba. Wasu su ƙara mata rigar bututu, sannan a bar ta ta huce da kanta. Bayan haka ne ainihin aikin: a canza bushin, a sa giris, a duba kuloci. In sandar ta sha walda a baya, gwani zai ce a nemo ta Beljiyam, ko da sai an aika Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano.

Ina ganin darajar wannan sana'a ƙwarai. Mutanen da yawancinsu ba su taɓa riƙe littafin kamfani ba suna raya motar da masu ƙera ta suka manta da ita. Amma ilimin a ido da hannu yake, yaro abin da ya ga ogansa na yi shi zai ɗauka. In a garejinsu ɗiga wuta ake yi a sallami direba, da shi za a yaye shi, shi ma ya koyar. Ga kuma matsin mai mota da ke jiran balas da yamma, wanda yakan ɗauki kuɗin bushin a matsayin cuta.

Sandar da aka yi wa rabin gyara ba a tasha take sake karyewa ba. Tana karyewa ne lokacin da aka fi matsa mata, wajen wuce tirela ko rage giya a gangara da mota cike da mutane. Shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA da na ƙungiyar direbobi ta NURTW a Kontagora suna da ikon da za su hana walda a jikin mota, su kuma hana lodi ga duk bas ɗin da giyarta ke lilo. Ina roƙonsu su zauna su yi hakan.