Hannun da Ba a Gani: Yadda Ake Sa 'Yartsana Ta Yi Tafiya

Duk wanda ya tashi a Aboabo ko Sabon Zango a Kumasi ya san yaron nan da ba ya iya wuce gwangwanin madara a yashe. Zai tsage shi, ya miƙe shi da dutse, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa, kafin la'asar sai ga mota tana bin lungu. Aibinta ɗaya: sai an ja ta da igiya. To akwai wata fasaha da ke ɓoye igiyar da mai janta gaba ɗaya, har mai kallo ya ga motar ta tashi da kanta, ta sha kwana, ta taka birki a ƙofar mai koko. Sunanta a bakin Turawa yana nufin tsayar da motsi. Ni kuwa na fi son in kira ta fim ɗin motsa-ka-ɗauka, domin aikin ke nan daga farko har ƙarshe.

Ga yadda abin yake. Ka ajiye motar a kan tebur, ka ɗauki hoto ɗaya. Ka tura ta gaba kamar faɗin ƙwayar shinkafa, ka janye hannunka, ka sake ɗauka. Haka za ka yi ta yi. Idan aka jera hotunan aka nuna su da sauri, ido ba ya iya raba su, sai ƙwaƙwalwa ta ɗinke su ta mai da su motsi. Fim ɗin silima yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Masu wannan sana'a da yawa sukan ɗauki 12 su nuna kowane sau biyu, don a rage wahala. Ko da wannan rangwamen, minti ɗaya na fim yana cin hoto 720. In kowane hoto ya ci maka minti ɗaya na gyara da dubawa, ka zauna awa 12 ke nan a kan abin da mai kallo zai gama gani kafin shayinsa ya huce.

Sana'ar ta girmi kakanninmu. Wajen shekarar 1910, wani mai sha'awar nazarin ƙwari mai suna Ladislas Starevich ya so ya ɗauki faɗan wasu manyan ƙwari masu ƙaho a garin Kaunas na ƙasar Lituwaniya ta yau. Da zarar ya kunna musu fitila sai su ƙi faɗan. Sai ya ɗauki matattunsu, ya sa musu ƙafafun waya, ya riƙa lanƙwasa su da kansa yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. A Jamus kuma wata mata, Lotte Reiniger, ta shafe kimanin shekara uku da almakashi da baƙin kwali tana yanka mutane da aljannu, har ta fito da fim ɗin Yarima Ahmad a 1926, labarin da ta tsamo daga Dare Dubu da Ɗaya. Ray Harryhausen kuwa ya kwashe fiye da wata huɗu yana motsa ƙwarangwal bakwai masu takubba, don wani faɗa na 'yan mintuna a fim ɗin Jason and the Argonauts na 1963.

Amma gwanin da ya fi kusa da mu ɗan Nijar ne. An haifi Moustapha Alassane a 1942 a N'Dougou. Tun yana yaro yake tara mutanen garinsu da dare yana nuna musu inuwar zane-zanensa da hasken fitila, majigi na ƙirar hannu. Ya yi kanikanci kafin ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch a Yamai ya koyi riƙon kyamara. Rouch ɗin ba baƙon Kumasi ba ne: a fim ɗinsa Jaguar, wanda ya ɗauka a tsakiyar shekarun 1950, samarin Nijar ne suka taho ci-rani har suka kafa teburin kaya a kasuwar Kumasi, kamar yadda iyayen 'yan Zango da yawa suka yi. Daga baya Alassane ya je Kanada wurin Norman McLaren, malamin da ya yi suna da koyarwar cewa abin da ke faruwa tsakanin hoto da hoto ya fi abin da ke cikin hoton muhimmanci. Alassane ya dawo gida ya zana Bon Voyage Sim a 1966, inda ya mai da shugaban ƙasa kwaɗo ya yi wa masu mulki shaguɓe. A 1977 ya fito da Samba le Grand da 'yantsana. Ya kuma yi Kokoa, wato kokawa, inda kwaɗi da sauran ƙananan dabbobi ke shiga fili suna kama juna kamar 'yan kokawar gargajiya. Ya zauna a Tahoua yana aikinsa da abin da hannunsa ya kai, har Allah ya yi masa rasuwa a Wagadugu a watan Maris na 2015.

Abin da Alassane ya sha wuyar samu, kyamara da fim da wurin wanke shi, yau yana cikin aljihun ɗalibin sakandare. Wayar hannu da manhaja irin su Stop Motion Studio sun wadatar. Sai dai waya ba ta rage wa kowa haƙuri, kuma idan ka saurari ɗaliban da suka gwada wannan aiki, ƙorafinsu kusan iri ɗaya ne ko a wace ƙasa suke.

Na farko shi ne kyamara ta motsa. Yaro ya ɗauki hoto ɗari biyu lafiya, sai gwiwar hannunsa ta taɓa tebur, ko kira ya shigo wayar ta girgiza. A fim ɗin sai a ga ɗaki da mutanen cikinsa sun yi tsalle gefe guda. Maganinsa a ɗaure wayar tamau a kan sanda mai ƙafa uku, in babu a manne ta da salatif a jikin tulin littattafai, a rufe layin kira, a riƙa ɗauka da maɓallin abin saurare na kunne don kada yatsa ya taɓa gilashi. Shi ma teburin a manne kayan da ke kansa, duk abin da bai kamata ya motsa ba.

Na biyu haske. Wanda bai sani ba yakan kai teburinsa bakin taga, ganin rana kyauta ce. Amma rana tafiya take yi, gajimare na wucewa, kuma a Kumasi hadari ba ya sallama kafin ya haɗu. Hoton ƙarfe goma da na sha ɗaya ba su da haske ɗaya, sai fim ya riƙa ƙyaftawa kamar ƙwan lantarki mai shirin mutuwa. Don haka gwanaye suke toshe taga da baƙin ƙyalle, su kunna fitila, su kulle ma'aunin hasken kyamara don kada ta riƙa gyara kanta. Har tufafi suna da nasu: farar riga tana mayar da haske kan 'yartsana, shi ya sa mai aikin yake sa baƙa. Ɗan Gana yana da ƙarin jarrabawa, wato dumsor, yawan ɗaukewar wutar lantarki. In wuta ta ɗauke a tsakiyar fage, fitilar caji za ta iya ceto, amma ita ma tana dusashewa a hankali yayin da batir ke sauka, ido ba zai lura ba sai an jera hotuna. Dabarar ita ce a yanka labari gajeru-gajeru, a gama kowane fage a zama ɗaya.

Na uku ita 'yartsanar ce da kanta. Yumɓun tukwane yana bushewa ya tsage, balle a lokacin hunturu. Yumɓun roba na kanti ba ya bushewa, amma zafin fitila da na hannu suna sa shi laushi, wuyan jarumi ya fara langaɓewa tun ba a kai rabin fage ba. Shi ya sa ake yi mata ƙashi da wayar alminiyam da aka murɗa biyu ko uku, a yi mata manyan ƙafafu da ƙaramin kai, wani lokaci a huda tebur a ɗaure tafin ƙafar da kusa ta ƙasa. Wayar ma tana gajiya: in aka yawaita lanƙwasa ta wuri ɗaya sai ta karye, don haka mai hankali yana ƙera jaruminsa biyu tun farko. A nan ɗan Kumasi ya fi wasu sa'a. Garin da ke da unguwar kanikawa ta Suame Magazine ba zai rasa waya da kusa ba, shagon tela ba ya rabuwa da ƙyallayen da za su yi wa 'yartsana babbar riga da hula, sauran tarkace kuma kasuwar Kejetia ta ɗauke wa mutum nauyinsu. Auduga ta zama hayaƙi, farar leda ta zama ruwa, kwalin sabulu ya zama motar haya ta trotro.

Duk waɗannan ana magance su cikin mako guda. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin motsi. Ɗalibi sabon shiga yakan motsa hannun 'yartsana da tazara iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, sai hannun ya tafi kamar na inji. Mai rai ba haka yake motsi ba. Dubi mai shayi yana ɗaga kofi zai sheƙa: hannun yana farawa a hankali, ya yi sauri a tsakiya, ya lafa a sama. A kan tebur ma'anarsa tazara ƙanana da farko, manya a tsakiya, ƙanana a ƙarshe. Dubi ɗan kokawa: kafin ya kai cafka sai ya ɗan ja baya ya duƙa. In ka cire wannan ja da bayan, cafkar ba ta da ƙarfi a idon mai kallo. Dubi tsohuwa za ta tashi daga tabarma: tana dafa ƙasa, ta dafa gwiwa, ta ɗan tsaya ta huta a rabin hanya. Wannan tsayawar ita ce tsufan. Mai wannan sana'a yakan tashi ya yi motsin da jikinsa yana ƙirga daƙiƙu, ko ya sa aboki ya ɗauke shi bidiyo, sannan ya koma ya raba shi hoto-hoto. Akwai kuma wata dabara a manhajojin da ke nuna inuwar hoton baya a kan na yanzu, don ka ga nawa ka matsar. Amma manhaja ba za ta gaya maka nawa ya kamata ka matsar ba. Wannan sai idon da ya saba kallon mutane.

Magana ma da nata tsarin. Ana fara naɗar murya, a saurare ta gaɓa-gaɓa, a rubuta hoton da leɓe zai rufe da wanda zai buɗe. Sai a yanka bakuna iri-iri a takarda ko yumɓu, na a, na o, na m, a riƙa sauya su a fuskar. Kalmar sannu kaɗai tana iya cin baki uku ko huɗu.

Saboda yawan aikin, ɗalibai sukan yi shi rukuni-rukuni, kuma nan halin kowa ke fitowa. Ɗaya na motsawa, ɗaya na ɗauka, ɗaya na riƙe da takardar ƙirga. In mai ɗauka ya yi gaggawa, sai hannun mai motsawa ya fito a hoto, ƙaton yatsa ya bayyana a tsakiyar kasuwar 'yantsana ya ɓace. Rukunin da ya fara ba tare da zana labarinsa a takarda fage-fage ba, yakan ƙare da gardama a kan abin da zai biyo baya, yumɓu na narkewa a ƙarƙashin fitila. Kuma kusan kowa yana fara da buri mai yawa, yaƙin sarakuna da dawakai hamsin, ya ƙare da akuya ɗaya tana satar ƙosai. Ba faɗuwa ba ce. Akuyar da ta motsa da kyau ta fi dawakai hamsin masu santsi.

Ladan wahalar yana zuwa ne lokacin da aka danna maɓallin kallo. Hotunan da aka yini ana ɗauka su wuce cikin daƙiƙa goma, abin da ka murɗa da hannunka ya juyo ya dube ka. Waɗanda suka yi aikin, da suka san babu komai ciki sai waya da yumɓu, su ne ke fara ihu. Bayan ihun kuma akwai abin da ke zama: yaro ya yi lissafin kashi da ninki ba tare da an kira shi lissafi ba, ya tsara labari mai farko da ƙarshe, ya koyi cewa kuskuren hoto na 40 ba ya gyaruwa a hoto na 300. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da ƙera siffar mai rai ba, ƙofa ba ta rufe masa ba. Ana yin wannan fim da yankakkiyar takarda, da yashi a kan gilashi, da wake, da goro, da takalma, har da haruffan ajami suna haɗuwa su zama kalma.

Mai son ya zurfafa yana da inda zai nufa. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda mutanen gari ke kira Tech, tana nan cikin Kumasi da sashenta na zane-zane, a Accra kuma an kafa makarantar koyon fim da talbijin ta NAFTI tun 1978. Kuma sana'ar ba ta tsufa ba: Pinocchio na Guillermo del Toro, wanda aka yi da 'yantsana hoto bayan hoto, shi ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin katun a 2023.

Labaran Gizo da Ƙoƙi, da tafiyar fataken goro daga Kano zuwa Gwanja, da hirar masu shayi a bakin titin Asawase, duk suna nan suna jiran mai motsa su. Iyaye da malamai, in kun ga yaro ya rufe taga da rana tsaka yana lallaɓa gwangwani a kan tebur, kada ku kore shi. Ku ara masa waya, ku ba shi fitila, ku hana ƙannensa taɓa teburin.