Sarki Goma Zamani Goma: Sharhi A Kan Gine-Ginen Tunawa Da Kuɗin Talakawa

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a dubi wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare ga masu mulkinmu, wato gina abin tunawa da kuɗin jama'a, sa'an nan wanda ya gaje su ya rushe shi ya gina nasa, shi ma da kuɗin jama'a. Na san wani zai ce me ya haɗa mujallar Ƙungiyar Hausa da zancen siminti da rodi. Amsa ita ce abin tunawa magana ce da aka faɗa da dutse, mu kuwa masu nazarin magana ne, ko da me aka faɗe ta.

Bari mu fara da abin da ya faru a Kano. A shekarar 2017, sa'ad da Jihar Kano ta cika shekara 50 da kafuwa, gwamnatin Dokta Abdullahi Umar Ganduje ta gina wata doguwar hasumiya a shataletalen ƙofar Gidan Gwamnati don tunawa da wannan biki. Wata mace ce ta zana ta. A watan Yuni na 2023, gwamnatin Injiniya Abba Kabir Yusuf ba ta ko cika wata ɗaya a kan mulki ba, aka kawo katafila da dare aka baje ginin. Dalilan da aka bayar sun haɗa da cewa ya tare ƙofar Gidan Gwamnati, yana hana masu tsaro da direbobi hangen gaba, kuma aikin ba shi da inganci. Wani babban jami'in gwamnati ya ƙara da cewa akwai siffar gicciye a jikin zanen. Da surutu ya yi yawa, sai gwamnati ta ce za a sake gina shi a wani wuri.

Mu mutanen ƙasar Gumel wannan magana ta shafe mu, domin kuwa daga 1967 har zuwa 1991 da aka yanke Jigawa, a cikin Jihar Kano muke. Ashe ke nan shekara 24 daga cikin 50 ɗin da ginin ke wakilta har da namu tarihin a ciki.

Ba nufina ba ne in yanke hukunci tsakanin mai gini da mai rusau. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne lissafi. An biya mai zane da ɗan kwangila. An biya mai katafila da masu kwashe ɓaraguzai. An gyara wurin da aka rushe. Ga kuma kuɗin sake gini. Biya huɗu ke nan a kan abu guda, kuma duk daga baitulmali ɗaya. In aikin ba shi da inganci, wane injiniya ya sa hannu aka biya? In wurin bai dace ba, wa aka tambaya kafin a haƙa harsashi? Kuskuren na manya ne, amma tarar talaka ya biya.

Ba gini kaɗai ake yi wa haka ba, har suna. Jami'ar Northwest ta Kano an mai da ita Jami'ar Yusuf Maitama Sule a 2017, bayan rasuwar Ɗanmasanin Kano, sa'an nan a 2024 aka mai da mata sunanta na farko. Duk ɗalibi ya san abin da wannan ke nufi: sabon allo a ƙofa, sabon hatimi, sabbin takardu, sabon fenti a jikin motoci, da ɗalibai 'yan makaranta ɗaya masu riƙe da takardun shaida da suna iri biyu. A kudu kuma, inda ake kafa mutum-mutumi, Gwamna Rochas Okorocha na Jihar Imo ya kafa na Jacob Zuma a Owerri a watan Oktoba na 2017. Kafin a yi wata biyar, Zuma ya sauka daga shugabancin Afirka ta Kudu cikin zargin almundahana, aka bar mutanen Imo da tagulla a tsaye.

To, sauran ƙasashe ba sa canza abin tunawa ne? Suna canzawa. A ginin majalisar dokokin Amurka, wata doka ta 1864 ta ba kowace jiha izinin ajiye mutum-mutumi biyu na mutanenta da suka rasu. A shekarar 2000 aka yi dokar da ta yarda a musanya su. Da ita ne Jihar Bajiniya ta ɗauke na Janar Robert E. Lee a 2020, mutumin da ya jagoranci sojan kudu masu goyon bayan bauta, Jihar Fulorida kuma ta kawo na malama Mary McLeod Bethune a 2022. Amma a dubi sharuɗɗan. Sai majalisar jihar ta zartar, gwamna ya amince. A ƙa'ida sai tsohon ya shekara 10 a wurin. Jihar da ta nemi canjin ita ke ɗaukar nauyin sassaƙa da jigila da kwashe tsohon, wanda kuma ba a farfasa shi, mai da mata shi ake yi. Ba na cewa Amurkawa sun fi mu hankali. Abin da nake cewa shi ne sun sa wa son zuciya takunkumi, ta yadda mutum ɗaya ba zai kwana ya tashi da katafila ba.

Yanzu sai mu juyo gida mu tambayi kanmu yadda Bahaushe ke tunawa da nasa. Tun zamanin da aka kawar da Tsumburbura a Kano, mutum-mutumi ba shi da masauki a ƙasar nan, Musulunci ya rufe wannan ƙofa. Amma rashinsa bai sa mun manta da kowa ba. Masarautar Gumel, wadda Mangawa suka kafa wajen 1750, ta bi Barno, ba ta shiga ƙarƙashin Sakkwato ba, ta yi ta gwabzawa da Haɗeja da Damagaram. A zamanin Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma aka taso da hedkwatarta daga Tumbi, wadda ke cikin Nijar a yau, zuwa inda take yanzu. Ba tagulla ta riƙe wannan labari ba. Bakin maroƙa da 'yan kirari ne, da tambura, da hawan salla, da tsofaffi masu ba jikoki labari. Daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, da an ce Lautai kowa ya san inda ake nufi.

Kada a ɗauka ina wanke waƙa tas. Ita ma tana da tsada, don makaɗan fada da doki da riga ake sallamarsu, kuma mawaƙi yakan yi wa ubangidansa ƙari, ya yi wa abokin gabansa zambo. Mawaƙan siyasa na yau kuwa sukan sauya sheƙa tun kafin a gama ƙirga ƙuri'a. Sai dai akwai bambanci babba. Sabuwar waƙa ba ta rushe tsohuwa. Ibrahim Narambaɗa ya daɗe da rasuwa, haka ubangidansa Sarkin Gobir na Isa Amadu, amma waƙoƙin suna nan, ana saurare, ana nazarinsu a ajinmu, ba a taɓa ware ko kwabo a kasafin kuɗi don sake gina su ba. Abin da jama'a suka karɓa da kansu su ke tsaronsa. Abin da aka ɗora musu kuwa ranar da mai shi ya sauka ya zama maraya.

Saboda haka ga shawarata ga majalisun jihohinmu, musamman ta Dutse, tun abin bai zo mana ba. Na farko, kada a gina abin tunawa ko a canza sunan wata ma'aikata sai majalisa ta tattauna a fili, an kuma bayyana kuɗin. Na biyu, kada a sa sunan mai rai, balle wanda ke kan mulki. Na uku, in har ya zama dole a kawar da wani gini, a ji ta bakin masana, a kuma adana abin da za a iya adanawa a gidan tarihi. Na huɗu, a kwatanta kuɗin da bukatun da ke ƙasa. Mai kai akuya kasuwar Maigatari ran Alhamis, wanda ake karɓar haraji a hannunsa tun daga bakin ƙofa, yana da hakkin ya san ko kuɗinsa rijiya za su haƙa ko hasumiyar da za a baje bayan shekara shida.

Mu kuma 'yan wannan ƙungiya akwai namu aikin. Tsofaffin da suka san kirarin sarakunan Gumel da labarin Tumbi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowa a cikinmu yana da rakoda a wayarsa. In hutu ya zo, kowa ya nemi dattijon garinsu ya ɗauko abin da ke bakinsa, mu rubuta, mu buga a wannan mujalla. Allah ya ba mu ikon yi, amin.