Batik a Kurfai: an iya rini, ina mai saye?

Duk lokacin da aka tashi "koya wa matan karkara sana'a" a Nijar, abu uku ne ba sa ɓacewa: sabulu, man shafawa da batik. A tara mata 'yan kwanaki, a narka kakin kyandir, a ɗiga shi a farin yadi, a tsoma a kala, a ɗauki hoto. Sai a ce an kafa sana'ar gargajiya mai ɗorewa.

Gargajiyar wa? Rini da kaki na mutanen tsibirin Jaba ne a Indunusiya, UNESCO ma da sunan Indunusiya ta rubuta shi a 2009. Atamfar da muke ji da ita kwaikwayonsa ce, wadda kamfanonin Holan irin su Vlisco suka yi da inji. Namu rinin na baba ne da toka, a karofi. Marinar Ƙofar Mata a Kano ana danganta ta da 1498, kuma da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ya tarar baƙin yadinta yana kaiwa har Tumbuktu da Murzuk. Turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa, mai sheƙin nan da 'yan bugu ke fitarwa, bai taɓa jiran ɗan yawon buɗe ido ba. Marinan sun san wanda zai saya tun kafin su tsoma.

Macen Filinge da aka koya wa batik fa? Yadin daga waje, kalar daga waje, soda da kyandir sai an aika Yamai, tafiyar kilomita kusan 180. Abin da ke nata shi ne itace, ruwa da guminta, ga itacen da ruwan kuwa ba a banza suke ba a ƙasar Kurfai. In ta gama, ruwan sodar nan mai cin hannu a bayan gida za a kwarara shi, cikin Dallol Boso inda rijiyoyi suke.

Sannan zanen. Raƙuman dawa na Kure, mace da turmi, bukka da faɗuwar rana. Wa ke ɗaura raƙumin dawa zuwa suna? Kayan ratayewa ne a bangon Bature, irin da ake sayarwa a gidan tarihi na Bubu Hama da kasuwar masu sana'ar hannu ta Wadata, Baturen kuma rashin tsaro ya daɗe da hana shi leƙo jihar Tillaberi, inda Filinge take. A kasuwar Balleyara, atamfar Sin mai araha ce za ta yi gogayya da batik ɗin macen Filinge, kuma kowa ya san wadda za ta ci.

To, a ba kowa haƙƙinsa: jarin kaɗan ne, aikin a tsakar gida ake yinsa, kuma baje kolin SAFEM na Yamai yana kai kayan mata gaban masu saye. Matan Bamako ma da kalar kanti suke rina shadda, ga galilarsu ta cika bukukuwan Maraɗi da Kano. Amma su abin sawa suke rinawa, shi ya sa ake bin su da kuɗi. In za a koyar a Filinge, a fara da kallabi, zanen goyo da ankon biki, a ba da safar hannu, a haƙa ramin zubar da ruwan soda nesa da rijiya, a kuma nemo dillaliyar da za ta zaga da kayan gida-gida.