Guba a Labaranmu: Ina Mai Bincike?

Guba ta zama abin yayi a finafinan Kannywood masu dogon zango da littattafan da ake karantawa a waya. Kishiya ta barbaɗa wani abu a miya, maigida ya kama ciki ya faɗi, sannan asiri ya tonu ta hanyar mafarki, ko laɓe a bayan ƙofa, ko mai laifin ta haukace ta fallasa kanta. Ɗan sanda, in ma ya shigo, ankwa kawai ya kawo. A ganina wannan ragwanci ne, kuma yana da illa, domin yana koya wa mai kallo cewa zargi ma hujja ne.

Mutanen Gaya da Ajingi sun san maganar ba ta tsaya a fim ba. A watan Afrilun 2014 aka kama wata amarya 'yar shekara 14 a wani ƙauyen Gaya, bisa zargin zuba shinkafar ɓera a abincin da ya kashe mijinta mai shekara 35 da wasu mutum uku. Babbar kotun jiha da ke zama a Gezawa ta saurari shari'ar, har yarinya 'yar shekara bakwai ta ba da shaida cewa ita aka aika sayo maganin, kafin gwamnati ta janye ƙarar a 2015. Tambayoyin da ke cikin irin wannan lamari sun ishi marubuci littafi guda: wa ya sayar, wa ya girka, wa ya ci bai mutu ba, ina ragowar tuwon, me ya sa aka aurar da ita tun farko? Labaranmu suna tsallake su duka, su garzaya wurin kuka.

Za a ce ai al'adarmu ba ta ba da dama ba: ana gaggauta jana'iza, dangi ba sa yarda likita ya taɓa gawa, ɗakin gwaji kuma yana nesa. Gaskiya ne, amma wannan ƙuncin shi ne daɗin labarin. Jami'in da ya iso bayan an dawo daga maƙabarta, an wanke tukunya, kowa na cewa "kwana ne ya ƙare", dole ya yi aiki da kai. Marubuciyar labaran bincike Agatha Christie ta yi aiki a ɗakin haɗa magani lokacin yaƙin duniya na farko, shi ya sa gubar da ke littafinta na farko, na 1920, ta zauna daram. Marubucinmu ma zai iya zama da ma'aikacin asibitin Gaya ko mai sayar da maganin ƙwari a kasuwa ya yi tambaya.

Kuma ba duk gubar cikin gida ce makirci ba. A 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta a Kano, wasu suka rasu, har NAFDAC ta gano wani sinadari ne ake sayarwa da sunan ɗan tsami. Akwai kuma waken da aka cika wa magani a buhu. Da a fim ne, da tuni an tattara wa amarya kayanta.