Harshen Nubi: Sharhi a Kan Ra'ayin Cewa Gurɓataccen Larabci Ne

1.0 Gabatarwa

Nubi, ko Kinubi, harshe ne da ake magana da shi a garin Bombo da wasu garuruwan Yuganda, da kuma unguwar Kibera ta birnin Nairobi a Kenya. Duk da kamannin suna, ba shi da dangantaka da harsunan Nuba na bakin Kogin Nilu. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi nazarin ra'ayin da ke ɗaukar Nubi a matsayin Larabcin da ya lalace a bakin sojoji.

2.0 Asalin Harshen

A ƙarni na 19, fatake da sojojin gwamnatin Masar sun kafa sansanoni a kudancin Sudan, inda 'yan ƙabilu dabam-dabam suka riƙa cuɗanya da wani sauƙaƙƙen Larabci. Tawayen Mahadi na 1881 ya raba waɗannan sojoji da Arewa. A 1891 Lugga ya ɗauki ragowarsu, a ƙarƙashin Salim Bey, aikin soja a Yuganda. 'Ya'yan da aka haifa a cikinsu da wannan harshe suka buɗe baki. Nan ne ya bambanta da Barikanci, wanda bai taɓa zama harshen uwa ga wata al'umma ba.

3.0 Raunin Ra'ayin

Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce mafi yawan kalmomin Nubi daga Larabci suke, amma an zubar da baƙaƙen maƙogwaro da bambancin jinsi da sauye-sauyen aikatau. Wannan gaskiya ne, sai dai ma'aunin ne ke da aibi, domin abin da aka rasa kaɗai yake ƙirgawa. Binciken Owens (1977) da Heine (1982) da Wellens (2005) ya nuna cewa Nubi ya gina nasa tsarin. Ƙwayoyin ma'ana da ke zuwa kafin aikatau su ke nuna lokaci: ana gi ja na nufin "ina zuwa", uwo bi ja kuwa "zai zo". Haka nan ta ke nuna mallaka. Ana kuma matsar da ƙarfin furuci zuwa gaɓar ƙarshe ta aikatau don a nuna cewa ba a ambaci mai aikatawa ba, dabarar da Larabci bai san ta ba. Gurɓacewa ba ta haifar da ƙa'ida irin wannan.

Ra'ayin yana da illa ga masu harshen ma. Wanda aka ce harshensa ba harshe ba ne, da sauƙi a ce shi ma baƙo ne. Nubawan Kenya sun daɗe suna fama wajen samun takardun zama 'yan ƙasa, kuma sai a 2017 aka ba su takardar mallakar fili a Kibera.

4.0 Kammalawa

Ya kamata a auna Nubi da ma'aunin nahawunsa. Manazartan Nijeriya kuwa suna da rawar takawa, domin Turku, ɗan'uwan Nubi da aka yi amfani da shi a Cadi, ana danganta shi da rundunar Rabe, wanda ya ci Barno a 1893. Kwatanta Nubi da Turku da Larabcin Shuwa zai taimaka wajen gano wane karin Larabci ne tushen waɗannan harsuna.