Waƙar Fada a Cikin Waya: Sharhi a kan “Satar Fasaha” da Haƙƙin Mawaƙan Damagaram

1. Gabatarwa

Tun da wayar salula ta maye gurbin kaset a ƙasar Damagaram, kalmomi biyu sun yawaita a bakin masu sharhi a gidajen rediyo da tarukan mawaƙa, wato “satar fasaha” da “haƙƙin mallaka”. Da su ake fassara piraterie da droit d’auteur na Faransanci. A wannan takarda muna so mu duba ra’ayoyin da ake ginawa a kan waɗannan kalmomi, mu auna su da waƙar fada da ta roƙo, irin wadda aka san birnin Zinder da ita. Ra’ayoyin sun kasu biyu. Na farko yana cewa duk mai tura waƙa daga waya zuwa waya ɓarawo ne. Na biyu yana cewa waƙar gargajiya gadon kowa ce, saboda haka ba a satarta. A ganinmu dukansu sun kauce wa inda matsalar take. Abin da intanet ya sauya shi ne matsayin mai riƙe da sautin da aka ɗauka: mutumin da al’ada ba ta ba shi ko da gurbin zama a cikin waƙa ba, shi ne yau na’ura ta fi saurin amincewa da shi a matsayin mai ita.

2. Su wa ke da waƙar fada?

Kafin a yi zancen sata, ya kamata a san mai kaya. Idan muka ɗauki waƙar da makaɗin fada ya yi wa sarkin Damagaram, alal misali irin waƙoƙin marigayi Ma’azu Ɗan Alalo, za mu tarar da hannuwa da yawa a cikinta. Akwai take da kirari, waɗanda makaɗin ya tarar da su, kuma zai mutu ya bar su. Waɗannan na sarautar ne. Kirarin da ke komawa ga Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1854 zuwa 1884 ya kuma kewaye birnin da ganuwa, ba makaɗin yau ne ya ƙaga shi ba, kuma ba ya da ikon ɗora shi a kan wani attajiri don ya ba shi kyauta mai tsoka. Akwai sababbin ɗiyan waƙa da shi makaɗin ya saƙa da fasaharsa. Akwai ƴan amshi, waɗanda kowane mai nazarin waƙar baka ya san ba maimaitawa kawai suke yi ba: suna karɓewa, suna ƙari, wani lokaci su ne ke tuna wa ubangidansu ɗan waƙar da ya shige masa. Akwai masu kiɗa, akwai sanƙira mai fayyace zancen. Daga ƙarshe akwai wanda aka yi wa waƙar, wanda ya biya da doki ko riga ko gida, kuma jama’a da sunansa suke kiran waƙar.

Abin lura a nan shi ne inda kuɗi yake fitowa. Tun a 1957 M. G. Smith ya nuna cewa roƙo a ƙasar Hausa ciniki ne tsakanin maroƙi da wanda ake wasawa. Mai saurare ba ya biya. Hasali ma yawan masu saurare shi ne ribar wanda ya biya, domin abin da ya saya shi ne sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta kai ba. Bisa ga haka, yaron da ya zauna da kwamfuta a bakin kasuwar Dole yana zuba wa mutanen Zermu da Mirya waƙoƙin fada a katin waya, aikin da yake yi ya fi kusa da na sanƙira fiye da na ɓarawo, in dai da ma’aunin fada za a auna shi. Ba mu ce ba ya cin riba da gumin wani ba. Muna cewa ne kalmar “sata” ba ta bayyana abin da ya ɗauka, ko daga hannun wa ya ɗauke shi.

Wannan kalma daga Kano ta fi shigo mana, daga bakin masu shirya finafinai, kuma a can tana da ma’ana sosai. Mai fim ya zuba jari, kwafin da zai sayar shi ne hajarsa, kowane kwafin da aka tura ba da saninsa ba asara ce a aljihunsa. (Ko da yake Brian Larkin ya nuna a 2004 cewa hanyoyin rarraba finafinan Hausa a kasuwar Ƙofar Wambai sun ginu ne a kan hanyoyin da aka daɗe ana kwafar finafinan Indiya da Amurka. Wato sana’ar da ta fi kuka da kwafi, a gidan kwafi aka yaye ta.) Kuskuren masu ra’ayi na farko shi ne ɗauko hukuncin fim su ɗora wa waƙar roƙo, alhali hanyar cin abincinsu ba ɗaya ba ce.

Akwai ma shaidar cewa turi yana iya ɗaga mawaƙi. Mdou Moctar, mai garayar zamani daga jihar Tawa, a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008. Ta katin waya suka bazu har arewacin Mali, inda Ba’amurke Christopher Kirkley ya tsince su a wayoyin mutanen Kidal, ya nemo mawaƙin, ya sa waƙarsa a faifan Music from Saharan Cellphones na 2011. Sai dai kada a mai da wannan hujja ga kowa. Mdou Moctar yana raye, yana iya sa hannu a takarda, yana iya hawa jirgi ya je ya yi wasa. Makaɗin fadar da ya rasu ba ya iya ko ɗaya.

3. Abin da doka ta gani

Nijar ba ta rasa dokoki ba. Akwai dokar 93-027 ta 30 ga Maris 1993, wadda ta haɗa haƙƙin mawallafi da haƙƙoƙin da ke maƙwabtaka da shi da kuma abin da ta kira expressions du folklore. An kafa hukumar BNDA a 1995 don karɓar kuɗin mawallafa da raba musu. Dokar 2010-95 ta 23 ga Disamba 2010 ta zo ta sabunta tsarin. Sama da su akwai yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta ƙungiyar OAPI, wadda aka yi wa gyara a 1999 da 2015.

Waɗannan dokoki gidaje huɗu suka tanada: mawallafi, mai rerawa ko kaɗawa, mai ɗaukar nauyin ɗaukar sauti, sai kuma gargajiya. Waƙar fada ba ta shiga ko ɗaya daga cikinsu gaba ɗayanta. In aka ce ta mawallafi ce, an ba makaɗi kirarin da ba nasa ba, an kuma shafe ƴan amshi. In aka ce gargajiya ce, an shafe makaɗin kansa, an mai da fasahar mutumin da aka san sunansa da gidansa da ɗiyansa tamkar tatsuniyar da ba a san mafarinta ba. A nan ne masu ra’ayi na biyu suke yin ɓarna ba tare da sun nufa ba, domin a harshen doka “ta kowa ce” ba ta nufin ta mutanen Damagaram ce. A gyaran Bangi na 1999, wanda zai ci riba da kayan gargajiya hukumar ƙasa yake biya, ita kuma ta kashe wani kaso a ayyukan al’adu da taimakon masu fasaha. Tsari ne mai kyakkyawar niyya, amma kuɗin Yamai yake nufa, kuma ba a gina shi don ya san hanyar gidan magadan makaɗi a unguwar Birni ba.

Wannan gurbi tsoho ne. Tun a taron Stockholm na 1967 aka ƙara wa yarjejeniyar Berne wani sashe game da ayyukan da ba a san mawallafinsu ba, da nufin ya rufe gargajiya. Hukumar OMPI ta kafa kwamiti a 2000 don wannan batu. Yarjejeniyar da ta fito daga gare shi a Mayun 2024 ta tsaya ne ga albarkatun halittu da ilimin gargajiyar da ke tattare da su, ba ta taɓa waƙa ba.

4. Abin da na’ura take gani

Doka aƙalla tana tambayar wa ya yi waƙa. Na’ura ba ta yin wannan tambaya. Tsarin Content ID da YouTube ya soma a 2007 yana haddace kamannin sautin da aka miƙa masa, sannan ya bi duk abin da ake ɗorawa yana neman mai kama da shi. In ya samu, wanda ya miƙa sautin tun farko shi ke da zaɓi: ya toshe, ko ya bari a saurara kuɗin talla ya riƙa shigar masa. Miƙa sautin kuwa galibi ta hannun kamfanonin rarraba waƙa ake yi, da cike takardu cikin Turanci ko Faransanci, da asusun banki. Gaskiya ne mai miƙawa yana shaida cewa shi ke da haƙƙi, kuma wanda aka zalunta yana iya ɗaukaka ƙara. Amma wane ne zai yi ƙarar? Tsohon ɗan amshi da ya koma noma ba zai ma san an yi ba.

Sakamakon haka shi ne, wanda ya mallaki kaset mai sauti garau, ya kuma san hanyar intanet, ya riga kowa zuwa. A gaban sarki wannan mutum ba ya cikin masu waƙa: ba shi da kirari, ba shi da amshi, bai ba da doki ba, rakoda kawai ya kunna ko ya gada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Har ma yana yiwuwa ɗan makaɗi ya ɗora waƙar mahaifinsa, na’ura ta sanar da shi cewa sautin na wani ne.

Kada a ɗauka wannan tsoro ne kawai na malaman jami’a. Wajen 1970 Hugo Zemp ya ɗauki waƙar reno daga bakin wata mata mai suna Afunakwa a tsibiran Solomon, UNESCO ta fitar da ita a faifai a 1973. A 1992 Faransawa biyu masu kiran kansu Deep Forest suka ɗora muryarta a kan kiɗan zamani, waƙar ta zaga duniya, ba a ambaci sunanta ba. Zemp ya rubuta kokensa a 1996. Wannan ya faru tun kafin intanet ya game gari, lokacin da sai an nemi faifai an saya. Mu ma muna da irin wannan ajiya: Tolia Nikiprowetzky ya ɗauki kaɗe-kaɗen maroƙan Nijar a farkon shekarun 1960, Ocora ta buga su a Paris, ga kuma abin da ke taskar Muryar Sahel da IRSH da CELHTO a Yamai. Ana ta kiran a mai da waɗannan faya-fayai zuwa kwamfuta kafin zafi da ƙura su cinye su, kuma muna goyon bayan kiran. Sai dai ranar da sautin ya fita ba tare da sunayen masu shi ba, ya fita ke nan.

Abin mamaki, hukuma ta fi hanzari a wani ɓangaren na intanet. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka mayar wa hukuncin ɗauri kan ɓata suna a Yunin 2024, ta kula da abin da ɗan ƙasa yake faɗa a waya. Abin da ake kwashewa daga bakin makaɗinsa bai samu irin wannan kulawa ba.

5. Izini

Al’adar da ake cewa ba ta san haƙƙin mallaka ba tana da kalmarta, wato izini. Yaron makaɗi ba ya buɗe nasa kiɗan sai ubangidansa ya sallame shi, kuma ko bayan sallama ana sanin a gidan wa ya koya. Misali mafi kusa da mu shi ne na Malam Mamman Barka, haifaffen Tesker a jihar Damagaram, malamin makaranta kuma makaɗin gurumi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi wurin Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ya iya biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya zauna ya koya, dattijon ya danƙa masa kayan kiɗan da waƙoƙinsa. Barka ya fitar da faifai a Ingila a 2009, ya rasu a Nuwamban 2018, kuma duk inda ya yi wasa yana faɗin sunan malaminsa.

Idan aka bi gidajen doka guda huɗu, Barka mai kaɗawa ne, kamfani mai ɗaukar sauti ne, abin da ya fito daga bakin Bukar Tar kuwa gargajiya ce, wato shi kansa dattijon ba ya da gida. Idan aka bi izini, salsalar a fili take: Buduma, Bukar Tar, Mamman Barka. Wannan salsala ita ce abin da “haƙƙin mallaka” ya kasa ɗauka, domin mallaka tana neman mutum ɗaya da zai ce nawa ne, izini kuwa yana jera mutane bi da bi, kowa da iyakar abin da aka ba shi.

Ba mu da ikon sauya yarjejeniyar Bangi ko tsarin YouTube daga wannan sashe. Abin da ke hannunmu shi ne takardar da ke rakiyar kowane kaset da ɗalibanmu suke ɗaukowa daga Birni da Zango da ƙauyukan Mirya. Takardar da aka saba cikewa tana neman sunan mawaƙi, wuri, rana da sunan mai ɗauka. Muna ba da shawarar a ƙara mata sunayen ƴan amshi da masu kiɗa ɗaya bayan ɗaya, da wanda makaɗin ya koya a wurinsa, da wanda aka yi wa waƙar, da sassan da makaɗin da bakinsa ya ce ya gada, da kuma abin da ya yarda a yi da sautin: nazari kawai, ko sawa a rediyo, ko ɗorawa a intanet. A ɗauki wannan bayani da muryarsa a farkon faifan, cikin Hausa, a bar wa gidansa kwafi, a kai wa BNDA wani mai ɗauke da kwanan wata. Idan wata rana wani ya miƙa wa na’ura wannan sauti da sunansa, magada suna da abin da za su nuna wanda ya girmi da’awarsa. Ga tsofaffin faya-fayan da ke Yamai aikin ya fi gaggawa, domin waɗanda za su iya saurare su ce wannan muryar wane ce a cikin amshi, yawancinsu sun haura shekara 70.