Tsokaci a Kan Wasan Kwaikwayo da Nazarin Al'umma a Ƙasar Filifin

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta dubi yadda wasan kwaikwayon Filifin yake nuna wata al'umma ga wata, da matsayin bincike a wannan aiki.

2.0 Moro-moro

Moro-moro wasa ne na zamanin mulkin mallakar Sifaniyawa. Ana danganta farkonsa da shekarar 1637, bayan yaƙi da Sarki Kudarat na Mindanao. Jigonsa ɗaya ne: Kirista da Musulmi su gwabza, Musulmi ya sha kaye, ya karɓi Kiristanci. Musulmin da ke kan dandamali daga labaran Turai aka ɗauko shi, ba wanda ya je Mindanao ya ji ta bakinsa.

3.0 Bincike Kafin Wasa

A 1967 Cecile Guidote ta kafa ƙungiyar PETA a Manila. 'Yan wasanta sukan zauna da manoma da ma'aikata, su saurari kokensu, sannan su tsara wasa cikin harshen gida. A Marawi kuma, ƙungiyar Sining Kambayoka ta gina wasanninta a kan bayok, wato waƙar baka ta Musulmin Maranao.

4.0 Kammalawa

Wannan ci gaba ne, sai dai bincike kaɗai bai wadatar ba. Mai tsara wasa shi ke zaɓar abin da zai shiga da abin da za a zubar. Don haka mai nazari ya tambaya: mutanen da aka saurara sun hau dandamali, ko kuwa kallo kawai aka bar musu?